Irin Doyar Baba Shekwolo

Tungar Maiwada,
Bayan Tagwai, Minna.
11 ga Afrilu, 1985.

Yaya Margaret,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Jos? Yaya kuma bayin Allahn da kike koyon allura a jikinsu? Allah ya ƙara musu haƙuri. Na baro Mama da Baba lafiya a Kpakungu, sai dai gwiwar Baba da ba ta daina yi masa tsiya in ya dawo daga tashar jirgin ƙasa.

Kada adireshin da ke sama ya tsorata ki, ba korata aka yi daga gida ba. Zumuntar matasa ce ta fito aikin bishara na hutun Ista, kuma bana Mama ta yarda na bi su, bayan na yi mata magiya har bakina ya bushe. Washegarin Ista muka taso a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, mu da tukwane da tabarmi da ganga. Ernest, kin san shi, ɗan gidan mai gyaran rediyo, shi ya ja mana waƙa tun daga Kpakungu. Bai yi shiru ba sai da motar ta faɗa wani rami ya ciji harshensa. Na yi wa ramin godiya a zuciyata.

Ƙauyen ƙarami ne, yawancinsu manoman doya, sai 'yan masunta a gefen ruwa. Bangon majami'arsu ya zube tun bara, a ƙarƙashin mangwaro suke sujada, bangon muka zo tayarwa. Malam Irimiya, shugabanmu, ya raba aiki. Samari suna kwaɓa ƙasa suna buga tubali, 'yan mata suna ɗebo ruwa, da yamma kuma mu tara yara mu koya musu waƙoƙi. A makarantar firamare muka sauka. Mai bisharar ƙauyen, Malam Yona, ya karɓe mu hannu bibbiyu, sannan ya shiga Minna neman kwanon rufi.

To, ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan. Ni aka ba wa madafa. Ni ɗin nan da Mama take cewa ina fere doya kamar da gaba a tsakaninmu, ɓawo ya tafi da rabi, kan kuma in datse shi da kauri in yar. Ki rubuta mata ki ce yanzu zumunta guda tana jiran hannuna, kuma har yau ba wanda aka kwantar a asibiti.

Bari in ba ki labarin maƙwabcinmu. Gidansa yana jikin makarantar, sunansa Baba Shekwolo, wani tsoho Gbagyi mai dogon wuya. Matarsa ta rasu, ɗansa namiji ma ya rasu, 'yarsa tana aure can nesa. Idonsa ya yi hazo, da sanda yake tafiya. Ba ya zuwa majami'a, ba ya zuwa masallaci, hanyar kakanninsa yake bi. Malam Irimiya ya ga jinkar ɗakinsa ta ɓule, ya sa samari suka gyara masa a wuni ɗaya. Tsohon ya ce shi ba ya cin gumin mutum a banza, mu shiga gidansa mu ɗebi doya iya cinmu har mu tafi.

Da na shiga ɗiba, na tarar da rumfa da manyan doya masu kyau, kamar cinyar mutum. Sai tausayi ya kama ni. Na ce tsoho ba mai yi masa noma, mu kuma ga mu kamar fara, in muka faɗa wa waɗannan me zai ci da damina? Ina zagayawa bayan gida sai na ga wani tuli a gindin ɗorawa, an lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Na ɗaga, ashe ƙananan doya ne, duk sun yamutse, har sun fara tsiro a kai. Na ce wa 'yan matan, ga waɗanda suka kusa lalacewa, su za mu rage masa, mu bar masa manyan. Kullum muka ɗiba sai in mayar da ciyawar yadda na same ta, don kada a ce 'yan birni ba su da tarbiyya.

Yaya, ban taɓa cin sakwara irin wannan ba. Fara tas, tana jan hannu, ga ƙanshi. Wata maƙwabciyar tsohon, Inna Rabi'atu, matar Mudi masunci, tana aiko mana da busasshen kifi, ina yin miyar kuɓewa da shi. Samari har faɗa suke yi a kan ƙanzon turmi. Malam Irimiya da kansa ya yabe ni a wurin addu'ar safe, kaina ya kusa fin ƙarfin ɗankwali.

Ki gaishe da abokan karatunki. Ki sa mu a addu'a, bangon ya kai gwiwa.

Ƙanwarki mai madafa,
Magdalene.

*

Tungar Maiwada,
15 ga Afrilu, 1985.

Yaya Margaret,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Ni jikina lafiya, amma ban san yadda zan fara ba. In waccan takardar ta riga ta iso, ki yaga ta, kada ki nuna wa kowa. Na yi ɓarna, Yaya, ɓarnar da ban san yadda ake gyara ta ba.

Ranar Asabar aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe ƙauyen duka ya fita gona, ƙasa tana ƙanshi. Ina tsugune ina hura wuta na hango Baba Shekwolo ya fito da kwando, yana dogara sanda, ya nufi gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya ɗaga ciyawar. Ya shafa ƙasa da hannu, ya matsa gaba ya sake shafawa. Ya daɗe yana shafawa. Babu komai a wurin sai 'yan ruɓaɓɓu da na tsallake.

Inna Rabi'atu ce ta fara ganinsa, ta je, ta leƙa, ta ɗora hannu a ka. Daga nan ta taho madafa kai tsaye. Ban taɓa shan faɗa irin nata ba, ko a wurin Mama. Ta tambaye ni ko a gidanmu a faranti doya take tsirowa. Ta ce wane irin mutum ne zai ga doya a inuwa, a lulluɓe, da tsiro a kanta, ya kai ta turmi? Iri ne, Yaya. Irin shukar bana ne muka daka muka cinye da miyar kuɓewa.

Kuma da a ce iri ne kawai, da da sauƙi. Inna Rabi'atu ta ce wannan doyar ba kowa ke da ita ba. Mahaifin Baba Shekwolo ne ya sauko da ita daga kan dutse, lokacin da mutanensu suka bar zaman tudu suka dawo fili. Ba ta yin girma sosai, don haka sauran manoma suka yi ta barin ta suna kama masu auki, har ya zama shi kaɗai ke shuka ta. Farin nan na shekarun baya ya kusa ƙarar masa da ita. Shekara biyu ke nan bai sa ko yanki ɗaya a bakinsa ba, duk abin da ya haƙa sai ya mayar iri, don ta farfaɗo. Manyan da ke rumfa, waɗanda na yi ta tausayinsu, maƙwabta ne suka tara masa don ya ci. Su ya ce mu ɗiba. Abin da tsoho ya hana cikinsa shekara biyu, na ciyar da Ernest da shi a mako ɗaya.

Malam Irimiya ya kai ni gaban tsohon, ni da 'yan matan, muka durƙusa. Na so in yi bayani, in ce tausayi ne ya sa, amma da na ji maganar a bakina sai na ji ba ta da kai. Na yi ta jira ya zage ni ko ya ɗaga sanda. Da ya yi, da na ji sanyi. Bai yi ba. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya yi mini tambaya ɗaya tak: “Ta yi daɗi?” Na ce ta yi, Baba, ban taɓa cin irinta ba. Ya gyaɗa kai ya ce to, ashe mahaifinsa bai yi ƙarya ba, shi har ya fara manta ɗanɗanonta. Ya tashi ya shiga ɗakin da muka gyara masa. Tun lokacin ba a gan shi a waje ba, abincin da Inna Rabi'atu ke kai masa ma da kyar yake taɓawa.

Malam Irimiya ya ce za mu shiga kasuwa mu samo masa wani irin. Tsohon ya aiko cewa kada mu wahala, doya ba ta ƙare a kasuwa ba, amma wannan ta ƙare. Jiya da yamma yaran da suka zo waƙa ba su kai rabi ba. Na ji wata mata a bakin rafi tana cewa 'yan coci sun rufe wa tsoho ɗaki sun buɗe masa kabari. Ban iya ɗaga kai ba, don ban ga inda ta yi ƙarya ba. Malam Yona ya dawo da kwanonsa ya tarar da wannan, ko sauke kayan bai iya tsayawa gani ba.

Ba wanda ya zage ni a zumunta, kowa ya ci ai. Amma ni na ɗaga ciyawar, ni na mayar. Garin gyaran gira na tsone ido. Ina dafa shinkafa da wake yanzu, warin doya ma ba na son ji.

Kada ki gaya wa Mama tukuna. Ki yi wa tsohon nan addu'a kafin ki yi mini.

Ƙanwarki,
Magdalene.

*

Tungar Maiwada,
21 ga Afrilu, 1985.

Yayata Margaret,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jarrabawar da kika ce tana tafe? Allah ya ba da sa'a. Ki yi haƙuri da rubutuna, tafin hannuna duk ya faffashe, da kyar nake riƙe biro. Yanzu za ki ji dalili.

Akwai wani rami a bayan makaranta inda nake zubar da ɓawo da tokar murhu tun da muka zo. Ranar Talata na je juye toka, sai na ga wani abu ja-ja, kamar ɗan yatsa, ya leƙo daga cikin tokar. Na tsuguna na tona. Kan doya ne, Yaya, irin wanda nake datsewa in yar, ga tsoka a jikinsa da kauri, ga tsironsa a miƙe. Na ci gaba da tonawa da hannu, na ga wani, na ga wani. Aladun ƙauyen sun riga ni zuwa wani gefen, amma inda toka ta yi yawa ba su taɓa ba. Na tara abin da na samu a zanena na ruga, ko sallama ban yi ba na faɗa ɗakin tsohon.

Na zube su a gabansa. Ya ɗauki ɗaya, ya shafa, ya shinshina, ya danna da farce. Ya ajiye a dama. Ya ɗauki wani ya ajiye a hagu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, na dama sun fi yawa. Sai ya tambaya wace ce take fere doya haka. Na ce ni ce. Ya yi dariya har da tari, ya ce lallai uwata ta sha wahala da ni. Ya ce da mai hankali ce ta fere su, da ba abin da ya rage. Tokar kuma ita ta hana su ruɓewa, su ma da toka suke shafe iri in sun yanka.

Na tambaye shi za su yi? Ya ce bai sani ba. Sun sha rana, sun sha wuƙar mahaukaciya, wasu sun yi siriri. Amma in za a gwada, sai a cikin kwanakin nan, ba za su jira ba. Matsalar ita ce tudu. Doya ba a rami ake shuka ta ba kamar masara, kowace sai an tara mata tudun ƙasa da garma. A da maƙwabta ke yi masa in sun gama nasu, yanzu kuwa kowa yana tsakiyar nasa, ruwa ya sauka.

Malam Irimiya ya tara mu a gindin mangwaro ya ce mu zaɓa, ko bango ko gona, don kwanakin da suka rage ba za su ishi biyun ba. Ernest ya miƙe ya ce mu ɗakin Allah muka zo ginawa, ikilisiya tana jiran labari, me za mu ce in muka koma, mun yi wa wanda ba ya ko zuwa sujada noma? Na ji kamar in kwaɗa masa muciya. Na ce lokacin da yake lashe turmi bai tambayi ko mai doyar yana zuwa sujada ba. Malam Irimiya ya tsawatar mini, kuma na san bakina ya yi tsawo, amma ban janye ba. Malam Yona ne ya raba gardamar. Ya ce su shekara guda ke nan suna sujada a gindin mangwaron nan, kuma bai ga alamar zai gudu ba. Bango zai jira, doya ba za ta jira ba.

Haka muka ajiye tubali muka ari garma. Ke dai bari, Yaya. 'Ya'yan ma'aikatan jirgi da makanikai a gona, abin kallo ne. Tuddan da muka tara ranar farko, Mudi masunci ya zo wucewa ya tsaya ya ce wa ya mutu a cikin kaji ake jana'iza? Ya ajiye komarsa ya karɓi garma ya yi mana ɗaya, ya kai ƙuguna. Daga nan bai tafi ba. Washegari wasu samarin ƙauyen suka zo kallo, suka yi mana dariya har ta ishe su, sannan suka shigo. Inna Rabi'atu ta kawo kunu a ƙwarya, ta miƙa mini da kanta, ta ce in sha, aikin gona ba a yin sa da kuka. Ernest kuwa, in faɗi gaskiya, ya fi kowa aiki. Hannunsa ya yi bororo ya fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, kuma ko sau ɗaya bai yi waƙa ba.

Jiya muka shuka. An kawo wa Baba Shekwolo kujera bakin gona, amma ya ƙi zama. Ya ce ni zan sa na farko, tun da ni na cire su daga inda suke. Ya riƙe hannuna ya nuna mini zurfin, da yadda ake kwantar da shi, tsiron yana duban sama. Aka rufe, aka ɗora wa kowane tudu 'yar hular ciyawa don rana. Da aka gama ya yi magana da harshensu yana duban gabas, mu kuma Malam Irimiya ya yi mana addu'a. Ba wanda ya katse wani.

Gobe motar za ta zo. Bango yana nan a ƙirji, kwano yana jingine a ofishin hedimasta. Gonar kuma ƙasa ce kawai da huluna, ba abin da ake gani. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Sai mun haɗu a wata takardar daga gida.

Taki,
Magdalene.

*

Kpakungu, Minna.
16 ga Yuni, 1985.

Yaya Margaret,

Ina gaishe ki, Mama da Baba ma suna gaishe ki. Takardarki ta iso, na gode da ba ki yi mini dariya ba sai a layin ƙarshe. Gwiwar Baba da sauƙi.

Na gaya wa Mama komai. Na shirya shan faɗa, sai ta ce ita ma laifinta ne, ta haife mu a bakin layin dogo ba ta taɓa kai mu gonar kakanmu ba. A majami'a kuwa wasu dattawa ba su ji daɗi ba, wani ya ce an tura yara gini sun dawo da labarin doya. Malam Irimiya ya shanye, bai ambaci sunana ba.

Bayan mun dawo ruwa ya ɗauke kusan mako biyu. Kullum na fito sai na duba sama, har Mama ta ce ko na fara aikin duba ne. Asabar da ta wuce muka koma, mu kaɗan, a kan kekuna, don a ƙarasa bango. Ban tsaya wurin bangon ba, gona na wuce. Yaya, tuddai da yawa ba komai a kansu, hular ce kawai ta bushe. Na tona ɗaya na ga ya ruɓe. Amma akwai waɗanda suka fito, ba su kai rabi ba, ganyensu kore shar, suna laluben abin da za su kama. Muka saro sanduna muka kakkafa musu.

Baba Shekwolo ya rame, amma kullum yana gonar, in ji Inna Rabi'atu, yana bin su da hannu. Na ce masa ga shi sun fito. Ya ce ganye ba doya ba ne, in bari sai an haƙa. Tsohon nan ba ya barin mutum ya yi murna da wuri.

Ki ci gaba da addu'a. Ki kuma aiko mini da man shafawar nan na hannu.

Ƙanwarki,
Magdalene.

*

Kpakungu, Minna.
8 ga Disamba, 1985.

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Mai Cetonmu. Ina fata kina lafiya, kuma kin fara haɗa kaya, don Mama ta riga ta sayi kazar Kirsimeti tana kiwon ta da sunanki. Kowa lafiya. An gama rufin majami'ar Tungar Maiwada tun watan Agusta, na manta ban gaya miki ba.

Jiya muka yi baƙi. Ina wanki a tsakar gida sai na ji sallamar Malam Yona, na leƙa, sai ga Baba Shekwolo a bayansa, da sandarsa, da wata riga da ban taɓa gani a jikinsa ba. An ce rabonsa da shigowa Minna tun matarsa tana da rai. Mama ta rikice, ta shimfiɗa tabarma, ta naɗe, ta kawo kujerar Babanmu. Yaran unguwa suka cika ƙofa.

Da ya sha ruwa ya huta, ya sa Malam Yona ya kwance buhu. Ya fito da doya guda, ba babba can ba, amma lafiyayya, da sauran ƙasa a jikinta. Ya ce an haƙa. Ba ta yi yawa ba, amma ta yi, har ya ci sakwararta ranar Juma'a, shi da gidan Mudi, karo na farko a shekara uku. Wannan tamu ce, a daka a ci. Ya roƙi Mama alfarma ɗaya, ta bar ni in fere da kaina, kuma kada ta gyara mini hannu. Mama ta yi dariya har da hawaye, ni kuma hawayen kawai na yi.

Na ɗauka shi ke nan. Sai ya sake sa hannu a buhun ya jawo wani ɗan kwando da aka rufe da busasshiyar ciyawa. Kafin ya buɗe na san abin da ke ciki. Ƙanana ne, Yaya, irin waɗancan. Ya tura shi gabana ya ce, “Wannan ba na ci ba ne.” Kowa ya yi dariya, ban da shi.

Ya ce kwanakin nan da ya yi a ɗaki, ba ni yake tunani ba. Kansa yake tunani. Ya tara abin mahaifinsa duka a gindin bishiya ɗaya, a hannun tsoho ɗaya wanda ba shi da magaji. Ko ban zo da wuƙata ba, ranar da ya kwanta dama akuya ce za ta cinye. Don haka bana ya raba. Ya ba Mudi kaɗan, ya ba Malam Yona kaɗan, ya riƙe kaɗan. Saura kuma na yarinyar da ta san daɗinta, ta kuma san abin da rashinta yake yi wa mutum. Na ce Baba, ni fa 'yar Kpakungu ce, ba mu da gona. Ya ce in kai shi bayan gida. Na riƙe sandarsa muka zagaya ta bayan madafa, inda gwandar nan take. Ya durƙusa ya damƙi ƙasar, ya murza, ya ce ba ta da kirki, amma ya ga wadda ta fi ta lalacewa. In riƙa zuba mata toka da kashin kaji har Ista, zai zo ya ga tuddaina.

Na san za ki tambaya, don dattawan majami'a ma sun tambaya. A'a, har yau bai shiga sujada ba. Malam Yona ya ce wani lokaci yakan zauna a gindin mangwaro in ana waƙa, in an tashi ya tafi gida. Ni dai na daina ƙirga wannan, na bar wa Mai shi. Ernest ya ce shi zai zo ya tara mini tuddan, wai yanzu ya fi Mudi iyawa. Na ce ya zo, amma ya bar waƙa a gida.

Mun daka doyar da yamma. Babanmu ya ci, ya ce yanzu ya gane. Na ajiye kan a cikin toka.

Saura magana ɗaya, kuma ba wasa nake yi ba. In kin iso, na san halinki, ba kya zama sai kin share gida kin shiga madafa. Za ki ga wani ɗan tuli a gindin gwanda, an lulluɓe shi da ciyawa. Za ki ga sun yamutse, za ki ce sun kusa lalacewa. Yaya Margaret, kin girme ni, ina ganin girmanki, amma in kika ɗaga ciyawar nan, ni da ke ne.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki manomiya,
Magdalene.